Dambun Ranar Alhamis

Gara in faɗa tun da wuri, kada mai karatu ya wahalar da kansa yana neman wawan labarin nan: ni ne. Ni da farin gemuna, da aji huɗun firamaren da na yi kafin mahaifina ya ce gona ta fi makaranta buƙatata, da ɗan fikihun da na tsinta a zauren malamin garinmu na bar shi a tsakiya. Ilimi rabi a nan, rabi a can. Na daɗe ina zaton in aka haɗa su za su ba da guda cikakke.

Ɗana na biyu wake yake saye a ƙauyukanmu na wajen Tsanyawa yana kai wa wani Alhaji a Dawanau. Wata mota ta tashi da kaya ba ta isa inda aka aike ta ba, sai aka kwashe duk wanda hannunsa ya taɓa buhunan, har da shi. Aka shiga kotu sau ɗaya, alƙali ya ce a ajiye su a gidan yari a birni kafin a sake zama. Zaman kuwa kullum ɗaga shi ake yi. Ya bar matarsa da ƙaramin ciki, cikin fari.

Ranar da labari ya tabbata na tsaya a tsakar gida na ɗaga murya, yadda maƙwabta za su ji ta katanga, na yi bakance: duk Litinin da Alhamis zan yi azumi har sai yaron nan ya tako ƙofar gidan nan da ƙafarsa. Uwarsa ba ta yi bakancen komai ba. Ita dai ta shiga madafi.

Ni ne mai zuwa ziyara, ran Asabar. Na san ƙa'idar wurin sarai. A bakin ƙofa za a karɓi wayarka, a lalube ka tun daga hula har takalmi, a ba ka ɗan kati. Sannan ka je gaban wani tebur inda ganduroba yake zaune da cokali. Zai buɗe kular abincin ya tona ta har ƙasa, sannan ya miƙo maka cokalin. Wanda ya kawo abinci shi zai fara ci a gaban idonsu, don a tabbatar ba a zuba wani abu ba. Ni wannan doka ba ta taɓa damuna ba. Girkin matata ne. Har ƙari nakan yi, in ce don hankalinsu ya kwanta.

Da gero ya fara fitar da kai watan haihuwar surukata ya kama. A ziyarar da na yi ta ƙarshe kafin nan, yaron bai tambayi gona ba, bai tambayi lauya ba. Ita kaɗai yake tambaya. Ya ce ƙafafunta da na ce sun kumbura, sun saɓe? Ya ce in naƙuda ta zo kada a tsaya jiƙe-jiƙe, a kai ta asibiti. Na ce ya kwantar da hankalinsa, Asabar mai zuwa zan kawo masa labari.

Asabar ɗin ta same mu a barandar asibiti a Bici. Naƙuda ta zo ran Juma'a da gardama, sai da aka yi mata aiki, ta zubar da jini har aka nemi na ƙannenta. Yaro ya fito lafiya, namiji, ita ce dai muka yi ta kallo ba mu san inda za ta faɗa ba. Ba wanda ya je birni. Ba kuma lambar da za ka buga a ce ga ɗanka. Yana can ya ga Asabar ta zo ta wuce, an kira sunayen masu baƙi, ba a kira nasa ba, kuma ya san watan da ake ciki.

Ran Laraba aka sallamo ta. Suna jibi. Rago na ɗaure, an aika goro. Liman ya yi wa jariri kiran salla a kunne tun ranar farko, amma gurbin suna yana nan a buɗe. Na ce ai abu mai sauƙi ne, kaka na da iko ya raɗa, liman ma ya ce haka ne. Surukata ba ta magana da ni ido da ido, bare ta yi mini musu. Da uwar mijinta ta kai mata maganar, ba ta ce a'a ba. Bango ta juya wa fuska ta yi ta hawaye.

Matata ta fito ta tsaya a kaina. Ta ce, "Malam, sunan nan daga bakin ubansa zai fito. Gobe ka tashi da wuri."

Na yi sahur ina kallon ta tana turara dambu, da zogale da gyaɗa da albasa, irin wanda yaron yake so. Na ɗauki niyya, na ɗauki kula, ban taɓa haɗa biyun a raina ba. Ruwan da aka kwana ana yi ya ɓata hanyar gonaki, mai babur ya yi ta sauke ni ina takawa. A bakin titi bas ta ƙi cika. A Bici aka sauke mu aka sa mu a wata. Ban isa ƙofar gidan yarin ba sai bayan azahar, ziyara kuwa kafin la'asar ake rufe ta.

Layi ya kai ni gaban tebur. Ganduroban yaro ne matashi, ban taɓa ganin sa ba, fuskarsa duk gajiya. Ya tona dambu, ƙamshi ya tashi, ya miƙo cokali.

"Bismilla, Baba."

A nan ne ranar ta faɗo mini. Alhamis.

Na ce, "Ɗana, azumi nake."

"Allah ya karɓa. Ɗanɗana."

"Ba ka ji ni ba ne? Na ce azumi nake."

"Baba, ba a watan azumi muke ba."

Da mai hankali ne da a nan zai karɓi cokali. Ni kuwa gyara tsayuwa na yi. Na bayyana masa bambancin azumin nafila da na bakance. Na gaya masa wanda ya yi wa Allah alkawari ba ya warware shi don ma'aikacin gwamnati ya ce. Na ga yana kallon layin da ke bayana, sai na ce bari in sauƙaƙa masa, tunda malamai sun yi magana a kan mai girki da ke ɗanɗana miya: zan sa a harshe, in tofar.

Ya ajiye cokalin a hankali.

"Ka sa a baki, ka tofar?"

"Ƙwarai."

"Ba za ka haɗiye ba."

"Ko ƙwaya."

Ya waiwaya ya kira ogansu. Wani dogo ya fito daga ɗaki, mai igiya a kafaɗa, yana goge hannu. Yaron ya ce, "Oga, ga wani ya kawo abinci, ya ce zai iya sawa a baki amma ba zai haɗiye ba."

Jin yadda maganata ta fito daga bakin wani ya sa gabana ya faɗi. Amma maimakon in yi laushi sai na jawo Turancin aji huɗu, wanda ya shekara hamsin a ajiye, na watsa masa. Na so in ce na san 'yancina. Abin da ya fito ban sani ba, na dai ga wata mata ta rufe baki da mayafi. Da na ga bai yi amfani ba na ce to a riƙe abincin, ni in shiga hannu sake, magana ce kawai ta kawo ni.

Ogan ya dube ni tun daga sama har ƙasa. Ya ce, "Ɗazu kana so a shiga da shi. Yanzu da aka ce ka ci, ba ka so a shiga da shi. Me ke ciki, tsoho?"

"Dambu!"

"Wa ya ba ka?"

"Uwar yaron!"

"Kuma kana tsoron sa."

Ya karɓe katin daga hannuna. Ya nuna mini wani benci a jikin bango, ya ce in zauna da kulata a gabana, kada in motsa. Daga ni har ita ba mai wucewa, kuma ba mai komawa gida, sai an san abin da ke ciki.

Na zauna. Layi ya ci gaba da tafiya ba ni. Kowa ya zo ya ci lomarsa ya wuce, wasu na satar kallona kamar wanda aka kama da wuƙa. Wata dattijuwa mai lafaya, da ka ji Hausarta ka san asalinsu daga gabas ne, ta tsaya ta ce a ba ta ita ta ci a madadina. Aka ce wanda ya kawo shi zai ci. Ta sunkuyo ta ce, "Malam, ka ci mana, ka rama wata rana. Wa kake da shi a ciki?" Na ce ɗana. Ta ce, "To." Ta ɗauki ledarta ta shige.

Duk buɗe ƙofar ƙarfen nan sai na ji ƙararta a haƙorana. Inuwar bango ta miƙe ta rufe ƙafafuna. Layin ya koma mutum kaɗan, sannan ya koma ba kowa. Daga ciki na jiyo ana kiran sunaye, mai kiran yana cewa rukunin ƙarshe. Na tuna in na bar wurin nan haka, gobe da hantsi liman zai juyo ya tambaye ni suna a gaban jama'a. Na tuna yarinyar nan da fuskarta a bango. Sannan na tuna yaron yana bayan katangar da na jingina da ita, kunnensa na kan bakin mai kiran nan, kuma wannan karon ma ba zai ji nasa ba.

Na tashi na ce a ba ni cokali.

Maƙogwaron da bai ga ruwa ba tun asuba ba ya karɓar dambu da daɗi. Loma ta tsaya mini a wuya, na kama tari har hawaye. Ogan ya matso yana kallona da kyau. Ya ce in ci daga tsakiya. Na ci. Ya ce daga ƙasa. Na ci. Ya sa aka ba ni ruwa, sannan ya tsaya ya naɗe hannu yana jira ya ga ko zan faɗi. Ni ma jira nake, ina jin ana jan sakata a ciki. Da ya ga ban mutu ba ya miƙo katin ya ce in yi sauri.

Ɗakin ganawa raga ce ta ƙarfe tsakaninku, kowa na ihu don a ji shi. Na hango shi a can ƙarshe, ya kama ragar da hannu biyu, idonsa a kan ƙofa. Na ƙarasa, bakina duk mai, zuciyata na tafasa. Kuma abin da na fara ce wa yaron nan shi ne:

"Ka san abin da mutanen nan suka yi mini yau?"

Ya ce, "Baba."

Na ce azumin da na riƙe tun ranar da aka kama shi, ban sha ko ɗaya ba, yau wani yaro da bai kai shi shekaru ba ya sa na karya. Na ce an zaunar da ni a benci kamar ɓarawon akuya.

"Baba."

Na ce har Turanci na yi musu.

Ya jijjiga ragar nan da ƙarfin da ban san yana da sauransa ba. "Baba! Tana raye?"

Sai a lokacin na dubi fuskarsa.

Na ce tana raye. Na ce an yi mata aiki amma tana gida, tana shan kunu. Na ce namiji ne, lafiyayye. Ya kifa goshinsa a kan ragar, kafaɗunsa na motsi. Ana haka wani ganduroba ya buga kulki a jikin ƙarfe, ya ce lokaci ya yi, aka fara kora su ta wata ƙofa.

Na manna bakina a raga na ce, "Suna! Gobe ne suna! Ta ce sai wanda ka faɗa!"

An riga an dafa kafaɗarsa an juya shi. Ya waiwayo. Ɗa ba ya kama sunan ubansa, ko a gidan yari. Ya ɗaga murya ya ce, "Naka, Baba. A sa masa naka."

Na iso gida ana fitowa daga sallar isha'i. Mata cike da tsakar gida, ana gyaran shinkafar gobe. Matata ta taso ta tare ni tun kafin in cire takalmi.

"Ka gan shi?"

"Na gan shi."

"Ya rame?"

Na ce da ɗan dama.

"Me ya ce a gaya wa yarinyar?"

Na ce ai lokaci bai ba mu dama ba.

"Me ya cinye lokacin?"

Sai na ba ta labari tun daga cokali har benci, na gyara shi yadda zan fito a mutumin da ya tsaya wa addininsa har inda ƙarfinsa ya ƙare. Tana ji, ba ta katse ni ba. Matan nan duk sun daina tsintar shinkafa. Da na ga shirun ya yi yawa sai na fito da abin da na ɓoye don ƙarshe. Na juya wajen ɗakin mai jego na ɗaga murya na faɗi abin da mijinta ya ce. Daga ciki aka ji ta ja dogon numfashi, wata gwaggonta ta rangaɗa guɗa.

Na gyara hula. Na ce wa matata, "Kin ji dai. Duk mutanen da ke duniya, da malamai da alhazai, yaron nan ya duba bai ga wanda ya cancanta ba sai ni."

Ta karɓi kular da na dawo da ita, ta ajiye ta, ta ce, "Allah ya raya shi. Allah kuma ya sa sunan kaɗai ya gado."