Garin Tsingaro

Jiya tukunya ta faɗo daga kan jakina a hanyar Danja. Har na tsuguna ina tsince tsingaron, sannan na tuna wadda nake tara wa ta rasu.

Baiwa ce a wani gida a Gozaki, tun tana budurwa aka kamo ta daga kudu. A wurinta nake sarin tukwane. Fasassun takan farfasa su a kan falalen dutse, ta niƙe, ta cuɗa da sabon yumɓu don kada tukunya ta tsage a wuta. Jar ƙura har a girarta. Ko ƙofar gari ba a barin ta ta leƙa.

Wata rana na tarar ta ciro ɗan tsingaron da ta zo da shi daga garinsu, wanda ke rataye a wuyanta, tana niƙewa za ta cuɗa a yumɓun wata tukunya. Da aka gasa tukunyar ta ce, "Ɗan nan, wannan fataken kudu za ka ba."

Na ce, "Iya, a kasuwar Tsiga ta fi daraja."

"Tsiga na ce maka za ni?"

Na miƙa wa masu tafiya Zazzau. Inda ta tsaya, ban sani ba.

Allah Ya jiƙan Iya, Ya sauke ta inda ba mai tsare mata ƙofa.