Sallamar Baba a Hanyar Kebbe

Babur ɗina na farko ƙarami ne, irin mai garkuwar roba a gaba wadda ke kare ƙafa daga taɓo. Ba sai ka ɗaga ƙafa ka haye shi kamar doki ba, zura ta kawai za ka yi ta tsakiya ka zauna. Malaman makarantarmu a Tambuwal suna kiransa babur ɗin ungozoma. Ban taɓa jin daɗin sunan ba, sun kuma san ba na jin daɗi, shi ya sa ba su daina ba.

Lokacin ba a daɗe da ba Sakkwato jiharta ba. Kuɗin mai sun sauko har sun iso ga irinmu masu alli a hannu, kowa ya shiga sauya abin hawa. Aka fara shigo da waɗansu manyan babura masu salansa biyu, inji a fili tsirara, babu roba babu garkuwa, tanki ya kumbura a tsakanin cinyoyin mai tuƙi. In ɗaya ya wuce ta bakin kasuwa, masu tsire ma sai sun ɗago kai. Ni ma ina ɗagowa, ba zan ɓoye ba. Ina son babur ɗin nan so mai tsanani, kuma ina da halin saye. Abin da ya tsaya mini shi ne Baba.

Baba malami ne, ɗan malami. Tun kafin a haife ni yana da ɗalibai a Kebbe, manoma da makiyaya magidanta, waɗanda yake zuwa yana ba su karatu a zauren wani tsohon amininsa. A da bisa jaki yake zuwa. Da yanar ido ta rufe masa idanu, ya zama ba ya ganin komai sai haske da inuwa, aikin kai shi ya faɗo a kaina. Kowace Asabar in ba makaranta, sai in goya shi mu tafi, mu kwana, mu dawo Lahadi.

Tafiyar ba ta da daɗi, kada wani ya ɗauka ina yabon ta. Hanya ce ta yashi da kwazazzabai, ga ƙaramin babur da mutum biyu a kai. Amma ba hanyar ce ke cinye mana yini ba, sallama ce. Baba ya koyar da mu tun muna yara cewa wanda ke bisa abin hawa shi ke fara yi wa na ƙasa sallama. Ya kuma ƙara da nasa: amsa sallama wajibi ne, saboda haka in ka yi wa mutum sallama ka wuce ba ka tsaya ka ji amsarsa ba, ka ɗora masa kaya ka gudu. Tunda ba ya gani, aikina ne in ce masa “mutum a dama” ko “mutum a hagu”, in sassauta totur. Shi kuma ya ɗaga murya ya yi sallama, ya karkata kunne. Da an amsa ya gane mai muryar, har da sunan ubansa da gonar da yake tsaye a ciki.

In na yi kamar ban ga mutum ba don mu yi sauri, kunnensa zai kama ƙarar fartanya, sai in ji ƙwanƙwasa a tsakiyar bayana.

“Kai malamin gwamnati, rage. Akwai mutum.”

Haka yake kirana. Ni ne ɗansa na fari, bai taɓa kama sunana ba.

Wata rana ya ji motsi a cikin karan dawa, ya rangaɗa sallama har da tambayar iyali. Jaki ne. Na yi dariya har babur ya kusa kayar da mu. Ya bar ni na gama, sannan ya ce bai yi asarar komai ba, ni ne na yi asarar ladabi.

Akwai tsohon da ke saƙar igiya a gindin tsamiya, akwai Bafulatanin da ke amsawa da Fillanci Baba ya mayar masa da Fillanci, akwai masu tahowa daga Fakku da jakuna, waɗanda sai an tambaye su ruwan sama da lafiyar mutanen can ɗaya bayan ɗaya. Ni dai ina riƙe da kan babur, ƙafa ɗaya a ƙasa, rana tana cin ƙeyata, ina cizon leɓe. Sau da yawa injin ya mutu a wurin gaisuwa, sai na sauke Baba na kwance fulogi na goge na hura, sannan in yi ta buga kik ina zufa, mai igiya yana ba ni shawara.

Ina da taubashi, ɗan ƙanwar Baba, wanda ya bar noma ya koma kai yashi wuraren gine-gine a Sakkwato. Shi ne ya fara shigowa unguwarmu da babban babur, ja wur. Ya kafe shi a gefen nawa, ya zagaya nawan yana riƙe baki.

“Wanga abu har yanzu shina da rai? Ka kai shi asibiti mana, mata na can suna naƙuda suna jiran shi.”

Na ce masa bawa ba ya magana a gaban ubangidansa. Ya ce ubangidan da ke tura babur cikin yashi ya sauka daga mulki. Sannan ya yi mini abin da ya fi zagi ciwo, ya miƙo makulli. Na hau na ɗauki kwalta na nufi Dogon Daji. Wallahi ban san akwai irin wannan daɗi a duniya ba. Ka murɗa kaɗan, ya amsa da yawa. Na dawo hulata a aljihu, idanuna suna hawaye saboda iska, zuciyata ta gama saye.

Taubashin nan ya ce in riƙe shi har Lahadi, in gwada shi a hanyar Kebbe, in ga yadda ake cin yashi.

Ranar Asabar sai da aka kifa turmi a ƙofar gida Baba ya taka sannan ya iya hawa. Inna, mahaifiyata, ta tattare masa babbar riga ta cusa a cinyarsa saboda sarƙa, tana faɗa masa inda salansa take don kada ya ƙone. Ya lalubo kafaɗata ya riƙe da hannu biyu, abin da bai taɓa yi ba.

Abin da ban sani ba sai da muka shiga yashi: babban babur ba ya tafiya a hankali. In ka sassauta, nauyinsa ya rinjaye ka, tayar gaba ta nutse, ku faɗi. Dole ka ba shi wuta ya bi ta kai. Na ce “mutum a dama”, iska ta kwashe maganar. Na ji ƙirjin Baba yana motsi a bayana, na san sallama yake yi, amma ko ni da ke manne da shi ban ji ta ba. Mai igiya ya ɗaga hannu. Masu jakuna suka ja dabbobinsu gefe suka ɗaga hannu. Baba ya ƙwanƙwasa bayana, ya sake ƙwanƙwasawa, ba halin in tsaya. Daga baya ya bari.

Muka isa Kebbe ɗalibai ko taruwa ba su yi ba. Ni ina ta murna a raina. Aka kawo turmi aka sauke shi, ya zauna a kan buzu.

“Rasuwa anka yi?” ya tambaye ni.

Na ce ban ji ba.

“To ina mutane sunka tahi? Ba mu gamu da kowa ba.”

Na ce mun gamu da su da yawa, duk sun ɗaga mana hannu.

“Hannu,” ya ce. Ya juya tafin nasa hannun a kan gwiwa. “Mi zan yi da hannu, ni da ba ni gani?”

Ya sa na faɗa masa duk wanda muka wuce. Washegari a kan hanyar dawowa ya ce sai an tsaya wurin kowannensu ya ba shi haƙuri. Na tura babur ɗin nan mai nauyin saniya a cikin yashi har hannuwana suka mutu. Raina ya ɓaci ƙwarai, na yi ta gunaguni ƙasa-ƙasa, na san kuma yana ji. Da muka iso gida na mayar wa taubashina makullinsa, na ce ya kwashe tsiyarsa. Ya yi dariya ya ce ungozoma ta koma bakin aiki.

Na fasa saye. Na ɗauka na yi abin da zai gyara komai, har ina jin kaina wani ɗa na kirki. Ashe ba a hannuna abin yake ba.

Da farko kayan gyara ne suka ɗauke. Bakanikenmu ya ce ’yan kasuwa sun daina kawo na irin nawa, kowa manya yake nema. Ya koma cire na matattu yana sa mini. Yau kafireto, gobe sarƙa, jibi abin da shi kansa bai san sunansa ba. Wannan duk mai sauƙi ne, na saba da turi.

Hanyar ce ta soma mutuwa. Samari suka bi taubashina zuwa Sakkwato, wasu har Ikko, gonakin bakin hanya suka koma sabara. Mai igiya ya rasu da damina. Bafulatanin ya yi kudu da shanunsa bai dawo ba. Mutanen Fakku suka sayar da jakuna, ’ya’yansu suka sayo babura, su ke ɗauko su yanzu. Sai in hango mutum tafe bisa babur, in ce “mutum a gaba”, Baba ya gyara murya ya yi sallama, mutumin ya wuce mu fuu, ya bar mu da ƙara da warin hayaƙi. Ba rashin kunya ba ne. Na san abin da ke faruwa da shi, in ya sassauta zai faɗi. Yakan ɗaga hannu.

Baba yakan karkata kunne duk da haka. Wannan karkata kunnen ne ya fi ci mini rai. Ina jin gemunsa yana gogar kafaɗata yana bin ƙarar har ta ɓace, sannan ya mayar da kai. Na yi tunanin in sauya murya in amsa masa, amma mutumin da ke gane jikan wani daga tari ba ni zan ruɗe shi ba. Na tsani manyan baburan nan, kuma duk wanda ya wuce sai na bi shi da kallon sha’awa. Na rasa wanne ne ya fi ba ni haushi.

A zauren Kebbe ma ɗalibai sun ragu. Waɗanda suka rage tsofaffi ne, rabinsu gyangyaɗi suke yi.

Wata Asabar bayan girbi, babur ya mutu mana a tsakiyar yashi, kusa da tsamiyar da ba kowa a gindinta. Na goge fulogi, na buga kik har ƙafata ta yi tsami, ko tari bai yi ba. Na kai masa shuri, na zage shi zagin da ban taɓa yi a gaban Baba ba. Bai tsawata mini ba. Ya sauko ya kama ƙarfen baya, na tura, yana biye da ni yana jan ƙafa a cikin yashi. Muka yi tafiya mai nisa a haka.

“Malamin gwamnati.”

“Na’am, Baba.”

“Ka sayi wancan. Babban.”

Na ce a’a, wannan ma gyara kaɗan yake so, bakanike ya ce an kusa kawo kaya. Ƙarya ce, kuma ya sani.

“Tun da munka hito gida nika sallama,” ya ce. “Ba wanda ya amsa. Don wa kaka wahala? Ba sauran wanda za mu tsaya mai.”

Shekara da shekaru ina jiran ranar da zai ce in saya. Da ya faɗa, sai murnar ta ƙi zuwa. Na sunkuyar da kai na ci gaba da turi, na gode Allah da ba ya ganin fuskata.

Asabar ta zagayo. Na sa an tayar da babur ɗin da ƙyar, na fito da shi ƙofar gida na bar shi yana aiki don ya ji. Inna ce ta leƙo.

“Ya ce ka kashe. Ba shi zuwa.”

Bai sake zuwa Kebbe ba. Ya koma zama a zaurenmu, fuskarsa tana kallon ƙofa. Na bar ƙaramin babur a jingine da katanga wata da watanni ko zai sauya ra’ayi, har kaji suka fara ƙwai a ƙarƙashinsa. Daga ƙarshe na sayi babban, baƙi, mai salansa biyu. Malaman makarantarmu suka kewaye shi suna shafawa, taubashina ya ce yanzu na zama mutum. Babur ne mai kyau, ban taɓa tura shi ba.

Baba ya sa ni in riƙa zuwa Kebbe ranar Asabar ina kai gaisuwarsa ga waɗanda suka rage. Ina zuwa in dawo tun rana ba ta yi zafi ba. Da ya ji na kashe inji a ƙofar gida sai ya karkato kai.

“Wa ka gamu da shi bisa hanya?”

In ce na ga wane da wane.

“Sun amsa?”

In ce sun ɗaga hannu, Baba.

Daga baya ya daina tambaya.