Dawisu a Cikin Wakena

Kwana uku a jere ina tarar da wani mutum a bakin gonata, can bayan Dutse ta hanyar Kiyawa. Sai ya kafe babur, ya ɗora madubin hangen nesa a ido, ya duƙa ya yi rubutu a ɗan littafi. Haka aka fara da gonar maƙwabcina: aka duba, aka rubuta, kafin kaka an yanka ta filaye.

Rana ta huɗu na tare shi da fartanya a kafaɗa. "Malam, wa ya aiko ka?"

"Ba kowa, Baba. Tsuntsu nake kallo." Ya miƙo min madubin.

Na karɓa ba don na yarda ba. Sai ga dawisu a gindin dabino yana tsattsagar wakena, da guntuwar igiya a ƙafa.

"Daga gidan wani ya tsere," in ji shi, har da murnarsa.

Ni kuwa na mayar masa da madubinsa. Dawisu ba ya nisan tashi. Ashe gidajen masu kiwon dawisu har sun iso kusa da gonata haka.