Iskar Kujerar Baya

A layinsu ba wanda ke kiransa da sunansa. Mai Keke ake ce masa, saboda ya fi shekara talatin yana gyaran keken ɗinki, duk da cewa abin da yake hawa ba keke ba ne. Babur ne babba, baƙi, mai dogon gilashi a gaba da akwati biyu a gefe, irin wanda aka ƙera don doguwar tafiya. A akwatin dama yake zuba kayan aikinsa: sukundireba manya da ƙanana, gwangwanin mai, allurai a cikin tsohuwar kwalbar magani. Akwatin hagu na matarsa ne, a ciki take ajiye ƙyallaye da zare kala-kala.

Tare suke fita aiki. Shi ya kwance keke ya gyara, ita ta zauna ta ɗinka layi uku a ƙyalle, ta ɗaga shi a haske. Idan ta ce, "Saura kaɗan, Injiniya," to sai ya sake kwancewa, ko da mai keken ya rantse ya gamsu. Shi kuma Tela yake ce mata. Garuruwa bakwai suke zagayawa, kowanne da ranarsa. Shekara ashirin da biyu tana zaune a bayansa, hannunta ɗaya a kafaɗarsa. Idan tana son ya tsaya sai ta matsa sau biyu.

Ciwon kwana tara ta yi, ta rasu.

Da ya koma aiki, shi da kansa yake ɗinka layin gwaji, ya ɗaga a haske, ya kasa ganin komai. Masu keke suna ce masa ya yi, shi ma ya ce ya yi. Ko buɗe akwatin hagu bai yi ba, amma bai cire shi ba. Idan ya dawo gida yakan dafa shayi a ƙaramar tukunya, ya sha a tsaye a bakin ƙofa, don kujerun ɗakin biyu ne, kuma suna kallon juna.

Sai ciwon wuya ya fara. Tafiyar awa ɗaya kawai zai yi, ya ji kamar ana ta dukan ƙeyarsa da matashin kai, hular kwanonsa tana rawa a kansa. Idan ya sauka, kunnuwansa su yi ta ƙugi har la'asar. Ya ce tsufa ne. Ya shafa man zafi, ya ɗaura tawul, ya ci gaba da fita.

'Yarsa ta fari ma'aikaciyar jinya ce a wani gari mai nisan awa huɗu. Ranar da ta zo duba shi, ta kira shi daga gefe, sai ta ga ya juyo da jikinsa gaba ɗaya kamar ƙofa.

"Baba, ina makullin babur ɗin nan?"

"Me za ki yi da shi? Koyo za ki fara?"

"Ba wasa nake ba. Mutumin da ba ya iya waiwaye ba ya hawa titi. Na gyara maka ɗaki a wajena, jikokinka har sun manna zane a bango. Ka dawo can ka huta."

"In huta in yi me? In riƙa ƙirga motocin da ke wucewa?"

Suka yi ta ja-in-ja. A ƙarshe suka tsaya a kan magana ɗaya. Ƙarshen wata zai hau babur ɗin ya je wajenta, awa huɗu cur. Idan ya sauka yana iya juya wuyansa dama da hagu, ta bar shi da abinsa. Idan kuwa ya sauka a sandare, makulli ya zama nata, shi kuma ya zauna a ɗakin da aka gyara. Ya san abin da hakan ke nufi: ba babur, ba garuruwa bakwai, ba gidan da ƙamshin Tela bai gama fita daga labulensa ba.

Washegari ya tura babur ɗin rumfar bakaniken da ya saba duba masa shi, wani mai furfura a gemu da ake kira Gajere, ko da yake sai ya sunkuya yake shiga rumfarsa.

"Babur ɗin nan ya lalace," in ji Mai Keke. "Yana dukana."

"Ka yi masa laifi ne, Baba?" Gajere ya ce yana goge hannu da tsumma. Ya duba taya, ya girgiza kan babur, ya saurari injin. "Lafiyarsa ƙalau, ya fi ni da kai lafiya. Iska ce. Bari mu sa masa fukafukai."

Ya shiga ciki ya fito da roba uku masu haske kamar gilashi. Biyu kamar tafin hannu, ya ɗaura su a ƙarƙashin madubai. Ta ukun doguwa ce siririya, ya maƙala ta a saman gilashin gaba, ya ɗaure noti. Ya ce aikinsu shi ne su karkatar da iska, ta bi ta gefe da sama, ta bar mutum ya sarara.

Mai Keke ya fita gwaji ya dawo. Hannayensa da ƙirjinsa sun samu sauƙi, amma dukan ƙeya yana nan yadda yake.

"Ba ta gaba take zuwa ba," ya ce. "Ta baya take zuwa."

"Iska ta baya, kana tafiya gaba? Baba, ko dai shayin safe ya yi ƙarfi?" Gajere ya yi dariya, amma ya ɗauko hularsa. "Matsa, in hau in ji da jikina."

Ya hau baya. Wannan ne karo na farko da wani ya zauna a wurin tun rasuwar Tela, har babur ɗin ya ɗan nutsa yadda yake yi a da. Suka hau babban titi. Mai Keke ya ƙara wuta, yana jiran dukan. Shiru. Wuyansa ya saki, hularsa ta zauna daram. Har ya fara murmushi, sai ya ji ana bubbuga masa baya da ƙarfi.

Ya tsaya a gefen titi. Gajere ya sauko yana cire hula, idanunsa sun yi ja suna zubar ruwa, yana sosa kunne da ɗan yatsa.

"Kai! Ai nan baya ba wurin zama ba ne, wurin horo ne. Gilashin nan naka dogo ne, yana ɗaga iska ta tsallake kanka, sai ta faɗo nan ta murɗe ta dawo. Duk wanda ke baya shi ke shanye ta. In ba kowa, sai ta sauka a ƙeyarka." Ya sake share ido. "Wa ke zama a nan da, har bai taɓa ..."

Bai ƙarasa ba. Ya tuna. Ya sunkuyar da kai yana juya hular a hannunsa.

"Allah ya jiƙan Mama," ya ce a hankali.

Mai Keke ya matsa kusa da babur ɗin. Yana kallon kujerar, inda fatar ta ɗan lotsa ta yi sheƙi. Ya tuna yadda take saukowa ta tsaya jim kaɗan riƙe da akwati kafin ta taka. Ya tuna yadda yakan yi mata magana bayan doguwar tafiya ta ce, "Na'am? Sake faɗa." Har tsokanarta yake yi, wai Tela ta fara kurumcewa, za a saya mata ƙaho.

Da suka koma rumfa, Gajere ya ce fukafukan za su iya maganin abin, amma sai an gane daidai inda za a karkata su, shi kuma ba ya ganin iska da ido. Mai Keke ya zagaya gefen babur ɗin. Sannan ya zaro ƙaramin makulli ya buɗe akwatin hagu. Komai yana nan yadda ta bar shi, har da allura soke a wani shuɗin ƙyalle. Ya ɗauko jan zare.

Ya yanka shi guntu-guntu, tsawon ɗan yatsa. Suka manna a bakin gilashi, da kafaɗun rigarsa, da bayan hularsa. Suka kafa siririyar sanda a kujerar baya, suka ɗaura mata zare daga sama har ƙasa. Gajere ya bi shi a gefe da nasa babur ɗin yana kallo. Zaren da ke kan sandar duk gaba suke nunawa, suna karkarwa kamar za su tsinke.

Kwana uku suna wannan aiki. A sassauta noti, a karkata roba kaɗan, a fita, a dawo. A rana ta biyu Gajere ya ce ai ya isa haka, an samu sauƙi sosai.

"Saura kaɗan," in ji Mai Keke.

A rana ta uku suka ɗaga robar sama, suka bar 'yar kafa tsakaninta da gilashi, iska ta riƙa ratsawa ta ƙasanta. Da suka hau titi, zaren suka kwanta baya, lumui, har na can saman sandar.

Ƙarshen wata ya kama hanya da safe. Awa huɗu ba abin da ya taɓa ƙeyarsa. Sai dai shirun ya yi yawa. Yana jin injin, yana jin taya a kan kwalta, yana jin numfashinsa a cikin hula. A irin wannan shirun, da mutum zai yi magana daga baya, ko da raɗa ce, da an ji.

'Yarsa tana tsaye a ƙofar gida da kayan aikinta a jiki. Ko gaisawa ba su gama ba ta ce, "Dubi dama. Dubi hagu. Dubi sama." Ya yi duka, har ya ƙara mata da waiwaye. Ta taɓa wuyansa da yatsu, ta ja numfashi.

"Ka ci, Baba. Riƙe makullinka." Sai ta ga guntun jan zare da ya rage a kafaɗarsa, ta cire. "Wannan ai na Mama ne."

Ya gaya mata komai, tun daga hawan Gajere har zuwa sandar. Yana magana yana kallon ƙasa.

"Shekara ashirin da biyu tana shan wannan dukan, ban sani ba."

"Mu mun sani," ta ce. "Wa kake tsammani yake kawo mata auduga daga asibiti? Kullum sai ta toshe kunne kafin ta sa hula. Lokacin da nake gida, in kun dawo, ni nake matsa mata wuya a ɗaki."

"Kuka yi shiru?"

"Ita ta hana. Ta ce in ka ji, za ka ce ta zauna a gida." Ta naɗe zaren a yatsanta. "Ta ce gara iskar."

Kwana biyu ya yi a wajensu. Ya gyara keken maƙwabciyarsu, ya yaba zanen da jikoki suka manna a bango, ya kwana a ɗakin da aka gyara masa. A rana ta uku ya ɗaure jakarsa.

A hanyar komawa, inda titi ya miƙe ba mota gaba ba mota baya, ya saki hannun hagu ya miƙa shi baya, saitin inda fuskarta take kasancewa. Iskar wurin a kwance take, ko hannun rigarsa ba ta kaɗa ba. Ya bar hannun a can har sai da kwana ta taho, sannan ya dawo da shi ya kama kan babur.