Ranar da Ba a Maida Na-Gangare Sama Ba

A gidanmu na Stains, a ƙasar Faransa, ba mu da murhu, ba mu da tsakar gida, amma muna da wuta. Wata 'yar na'urar ɗumama ɗaki ce mai ƙarafa biyu da kan yi ja in an kunna. Mama ta sayo ta saboda bututun ɗumin benenmu ya fi daɗewa a lalace a kan yana aiki. Kaka ba ta taɓa kiranta da wani suna ba sai garwashi. Lokacin sanyi a can, kafin mu dawo daga makaranta rana ta faɗi. Sai Kaka ta idar da Magariba, ta shimfiɗa bargo a ƙasa, ta miƙe ƙafa wajen jan ƙarfen nan, ta ce, "Ku matso, garwashi ya kama." Ni da ƙanena Laminu sai mu rarrafo mu maƙale a jikinta.

Kaka uwar Baba ce, daga Maradi ta zo. Mu dai an ce mana ciwon gwiwa ya kawo ta Faransa. Sai da na girma na san Mama ce ta kira ta a waya tana kuka, saboda Baba ya daina fitowa daga ɗaki.

Baba karatu ya kawo shi, ya yi digirin dokta a kan ruwan ƙarƙashin ƙasa. A Maradi har nuna ƙofar gidansu ake yi. A nan kuwa aikin bincike na ɗan lokaci yake samu, ya ƙare, ya sake neman wani. Kowace shekara yakan goge kwat ɗinsa, ya hau jirgin ƙasa zuwa Lyon inda ake ɗaukar masu irin iliminsa aiki na dindindin, ya zauna gaban manya su yi masa tambayoyi. Kowace shekara a ce masa saura ƙiris. Da ƙiris ɗin ya yi yawa sai ya ja ƙofa ya rufe. Ba ya faɗa, ba ya duka, ba ya ma ɗaga murya. Mama ta ajiye masa abinci a bakin ƙofa kafin ta tafi aikinta na yamma, ta dawo ta tarar ya huce.

Ga shi kuma Baba ɗan fari ne. Kaka ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon fuskarsa, ba ta zama inda yake zaune. In dole ta kama sai ta ce "wancan" ko "mai ɗakin can". Ni da na tashi a Faransa abin haushi yake ba ni. Tsohuwa ta ƙetare hamada da teku saboda ɗanta, ta iso, ta kasa ko ƙwanƙwasa masa ƙofa. A raina na yanke cewa ba ta da tausayi.

Wata Asabar da rana Laminu yana ta canza tashar talabijin ya faɗa kan tseren ski, inda mutum ke ɗaura dogayen katako biyu a ƙafa ya zubo daga ƙolin dutse a kan dusar ƙanƙara, yana ratsa tsakanin tutoci ja da shuɗi. Kaka ta yi tsaki, ta ce rashin aikin yi ne. Duk masu saukowar salon su ɗaya, a tsuke, a natse, kamar an auna su da igiya. Can sai ga wani ya fito yana fito da baki, ya zubo yana watsa hannu kamar wanda zuma ta biyo. Inda kowa ke zagayawa shi sai ya yanke. Kaka ta ajiye carbi. Bai kai ƙasa ba ƙafarsa ta zame ta dama, ya yi ta mirginawa har raga ta tare shi.

"Innalillahi!" in ji Kaka. Kafin ta rufe baki sai ga shi a sama kuma, lafiya lau, yana saukowa a hankali. Maimaici ne irin wanda tele ke yi, amma Kaka ta miƙe tsaye da ciwon gwiwarta.

"Sun maida shi bisa! Kai yaro, bi hagu wannan karon! Hagu na ce!"

Ya bi dama, ya faɗi a daidai inda ya faɗi. Aka sake nunawa daga wani ɓangaren, ta sake yi masa ihu, ya sake faɗuwa. Ta riƙe haɓa ta ce, "Wannan wane irin taurin kai ne?" Muna cikin birgima da dariya muka ji wata dariyar a bayanmu. Baba ne tsaye a bakin ƙofarsa da rigar barci. Na ɗauko yi wa Kaka bayani da Hausata mai gauraye da Faransanci, ya ɗaga min hannu. "Bar ta, Mariyama," ya ce. Kaka ta juya masa baya kamar yadda ta saba, ta gyara mayafi.

Daga ranar aka ajiye tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi da takan yi mana. Sunan mutumin ya gagari bakinta, sai ta raɗa masa Na-Gangare. Mu mukan kwaso mata abin da masu sharhi suka faɗa a kansa, ita kuma ta haɗa da nata ta tuƙa. Da yamma a gaban garwashi takan fara da, "Ga ta nan, ta sha sanyi ta iso." Mu ce, "Ta shigo ta ji ɗumi." Abin da ban lura da shi ba sai daga baya shi ne, ba mu take fuskanta ba. Ƙofar Baba take fuskanta, kuma muryarta ta fi ƙarfin ɗakin da muke ciki.

Ga yadda labarin yake a bakinta. Na-Gangare ɗan wata mai kiwon awaki ne a kan dutse, ba ɗan masu hali ba. Sauran yara malamai suka koya musu zamiya, shi kuwa bin awaki ya koya masa, shi ya sa bai iya tsayuwa irin ta mutane ba. Da ya shiga gasa manya suka ce ya gyara hannu, ya ƙi. Suka ce ya zo a zagaya hanya da safe a haddace ta kamar yadda kowa ke yi, ya ce shi in ya san hanya tsoro yake ji. Abokan tserensa suna kwana a otal, shi yana kwana a tsohuwar motarsa da karensa. Aka kore shi daga ƙungiya, ya dawo shi kaɗai ya cinye su duka, har ya zama zakaran duniya. A wajensa abu biyu ne, ko ya zo na ɗaya ko a kwashe shi a raga. Wannan kusan duk gaskiya ne. Nata ƙarin shi ne wai tun yana yaro ya tsamo ɗan akuyar aljanar dutse daga rami, ita kuma ta yi masa alkawari cewa duk ranar da ya faɗi za ta ɗauke shi ta maida shi sama ya sake.

"To, in ana maida shi, don me yake faɗuwa wuri ɗaya?" Laminu ya tambaya.

"Angona, ai ba a rana guda mutum ke gane hagu ba," in ji ta. Sai ta ɗaga murya. "Abin dai shi ne, in an maida ka bisa, ka yarda ka sake tahowa. Shina jin kunya? Shina ji mana. Amma wa ya taɓa mutuwa don kunya?"

Daga nan ta rufe da, "Ƙurunƙus, a kashe garwashi kada ya lashe mini zane."

Abin ya ci. Da farko ƙofar takan buɗe kaɗan. Sai Baba ya fara fitowa ranar Asabar wai zai fassara mana sharhi daidai, don mu muna ɓata shi. Yakan zauna a kujera, Kaka a ƙasa ta ba shi baya, su biyun suna kallon mutum ɗaya yana zubowa daga dutse. In Na-Gangare ya faɗi Kaka ta yi ta ihun hagu, Baba ya yi ta dariya har da tari. In ya ci kuwa sai ta ce, "Kun gani? Ya ji magana." Baba ya yi aski. Ya koma masallacin Juma'a. Sanyin da ya biyo baya ya sake samun kira daga Lyon, ya sauko da kwat ɗinsa da kansa ya goge. Ranar da zai tafi, Kaka ta ce da bango, "Allah ya kai mai tahiya, ya maido shi da abin da ya je nema." Baba ya ce da ƙofa, "Amin, Inna."

Ya dawo, aka yi ta jira, amsa ta zo. Saura ƙiris ne kuma. Wannan karon sun ƙara masa da cewa shekarunsa sun fara yawa.

Duk da haka Asabar ɗin ya fito ya zauna, ban san da wane ƙarfi ba. Na-Gangare ya fito yana fitonsa, ya zubo, ya yanke inda ya saba yankewa. Wajen wani tudu iska ta ɗaga shi, ya juya a sama, ya sauko da baya. Katakonsa ɗaya ya ci gaba da tafiya shi kaɗai. Shi kuwa bai motsa ba. Tele ta kawar da kai, ta nuna jama'a sun rufe baki da hannu, ta nuna sararin sama, can ta nuna jirgi mai saukar ungulu. Kaka ta matsa kusa.

"To, ku maida shi mana. Mi kuke jira?"

Ba wanda ya yi dariya. Baba ya ce, "Inna, in faɗuwar ta yi muni ba sa maimaitawa." Ya tashi ya shiga ɗaki, muka ji makulli ya juya.

Da yamma muka kunna garwashi muka zauna, Kaka ba ta ce ga ta nan ba. Ta daɗe tana kallon ƙofar. Sai ta dafa kafaɗata ta miƙe, ta ja ƙafa har bakin ƙofar, ta ɗora tafin hannunta a kai. Matar da tun haihuwarsa sunan nan bai fita daga bakinta ba, ta ce, "Haruna." Ta sake, "Haruna, ɗana, buɗe." Muka kasa kunne ni da Laminu, ba mu ji ko motsin gado ba. Ta tsaya har ƙafarta ta gaza, sannan ta dawo ta zauna.

Don in rarrashe ta sai na fara yi mata bayanin da aka hana ni tun farko, cewa dama can ba wanda ake maidawa sama, hoto ne ake sake juyawa. Ta dube ni da jajayen idanu.

"Ƙawata, kin ɗauka a Maradi ba mu da kaset ɗin buki? Ranar hwarko dai na ruɗe, gaskiya. Amma na ji ya yi dariya. In haukata za ta hiddo shi daga ɗakin can, mi zai hana in yi ta hauka?"

Takardunta na izinin zama suka ƙare bayan sanyi, ta koma gida. Ba ta sake ganin Baba ba har ta rasu. Na-Gangare ya rayu, amma bai sake tsayawa da ƙafarsa ba. Na taɓa ganinsa a tele cikin keken guragu ana yi masa tafi, yana murmushin da ake yi don a ƙyale mutum.

Yanzu a Lyon nake, garin da ya yi ta cewa Baba saura ƙiris. Ina aikin gashin ƙashi da motsa jiki a wani asibiti, kuma duk sanyi ana kawo mana masu zamiya da gwiwoyinsu a tarwatse. Ina gaya musu za su koma sama, don aikina ke nan, wasu kuma suna komawa. Bayan rasuwar Mama na ɗauko Baba ya dawo wajena. Likitoci sun ba ciwonsa suna, sun ba shi magani, yana sha. Yana wuni a kujera gefen taga, yana kallon motoci.

Da ina yarinya na ɗauka darasin tatsuniyar shi ne duk wanda ya faɗi ya tashi. Yanzu ba na jin Kaka ta yarda da haka. Ta san ba aljana, ta san ba a maida kowa. Abin da ta koya min shi ne yadda ake tsayawa a bakin ƙofa a yi duk abin da aka iya, har abin da aka rantse ba za a yi ba, ko da ba za a buɗe ba. Wannan darasin ba ya sanyaya zuciya, ni dai bai taɓa sanyaya tawa ba.

Kwanakin baya na samo tsohon hoton tseren nan na farko a intanet. Na ja kujera kusa da Baba, na riƙe masa waya. Na-Gangare ya fito yana fito da baki, ya zubo yana watsa hannu, ya faɗi, aka maida shi sama. Na kwaikwayi muryar Kaka iya ƙoƙarina, na ce, "Kai yaro, bi hagu! Hagu na ce!" Ina kallon gefen bakin Baba, ina jira.

Ya kalla har ƙarshe. Sannan ya ɗora hannunsa a kan nawa, ya kife wayar a hankali.

"Kashe, Mariyama," ya ce. "Ai ya riga ya faɗi."