Jirgin Aro

An ce in yi ƙarya, kuma furfurata ce ta sa aka zaɓe ni. Shekara huɗu ke nan ina jami'a ina koyon aikin malanta. Malamin da ya kamata ya koya mana yadda ake koya wa yaro karatu, sau uku na ga fuskarsa a zango guda. Amma da aka ce masu tantance ingancin karatu na tafe, cikin kwana biyu ɗakin karatunmu ya cika da littattafai, kowanne an liƙa farar takarda a kan hatimin wata makaranta. Aka kafa sunayen baƙin malamai a ƙofofi. Ɗayansu ma ni ya tara a baranda yana tambaya ina ofishinsa yake.

Shugaban sashenmu ya kira ni ya miƙo mini takarda, tambayoyi da amsoshinsu a rubuce.

"Inna, ke za ki yi magana da yawun ɗalibai gobe. Suna ganin shekarunki za su yarda."

Na ce, "Dakta, ai ba haka abin yake ba."

"Na sani. Amma in suka soke kwas ɗin nan, digirinki da na 'yan ajinku ko ƙosai ba za a ƙunsa da shi ba. Ki haddace kawai."

Ina da shekara talatin da ɗaya na fara riƙe fensir, a ajin yaƙi da jahilci a Yelwa, hannuna na ƙarnin kifin da nake sayarwa. Daga can na rarrafo har nan. In na faɗi gaskiya na rushe abin da na gina, na rushe na yaran da ke kirana Inna. In na yi shiru, a ba ni takardar digirin da ba komai a cikinta. Na zauna da yamma takardar Dakta na kan cinyata, sai ga kakata ta faɗo mini a rai.

A bakin ruwa muka tashi, kusa da Warra. Bayan magariba Kaka kan zauna gaban murhun banda tana juya tarwaɗa, mu jikoki mu kewaye ta, hayaƙi na sa mu hawaye, ba mai matsawa. Takan ce, "Ku yi shiru, ga ta nan ta taso daga ruwa." Mu ce, "Ta iso tudu mu gan ta."

Akwai tatsuniyar da ta fi maimaitawa. Wai wasu mutane ne a tsibiri. Duk shekara kafin ruwa ya cika, sarkin ruwa kan aiko mai duba jirage, gidan da jirginsa ya ruɓe a kwashe su a kai tudu, su bar kamun kifi. To jiragen garin duk sun ruɓe, saura ɗaya. Sai suka yi dabara. Mai dubawa ya ƙwanƙwasa jirgin a gidan farko ya ji lafiya lau, a tsare shi da fura, kafin ya shanye an zagaya da jirgin ta bayan danga an kai gida na biyu. Haka har ƙarshen gari. Ya koma ya ce tsibirin nan ba su da matsala.

"Da ruwa ya taho," in ji Kaka, "mutum goma sunka shiga jirgi. Saura sunka tsaya bisa rufin ɗaki suna kallo."

Na tuna na fusata. Na ce, "Kaka, mai dubawan nan wawa ne!"

Ta ɗaga kifi ta duba cikinsa, ta mayar. "Kwaɗayin hura gare shi, gaskiya ta. Amma ke, mai bakin tsiya, jirgi na da ƙafa? Wa ad ɗauke shi gida-gida?"

"To me ya sa ba wanda ya faɗa?"

"Wanda duk ya faɗi, da shi za a kwashe. Miƙo min itacen can."

Ba ta taɓa ƙara komai a kai ba. Shekaru ina ganin labarin wawan mai dubawa ne. Sai a yammacin nan na gane inda nake tsaye a cikinsa: da takardar da ke cinyata, kafaɗata ce aka nema a ƙarƙashin jirgi. Masu hawa rufin ɗaki kuwa na san su. Yaran bakin ruwa ne da zan tsaya gabansu baɗi da alli a hannu, ban san ta inda ake fara koya musu baƙi ba. Na san abin da rashin karatu ke yi wa mutum, shekara talatin na yi a ciki.

Ban sami mafitar da ba ta ciwo ba, har yau ban samu ba.

Da safe na bar takardar Dakta a ƙarƙashin tabarma. Na ɗauki littafin da nake rubuta darasin malamin nan da na gani sau uku, shafi uku da rabi, sauran fari fat. Da aka shigar da ni gaban masu tantancewa, na gaishe su, na ajiye shi a kan tebur, na buɗe musu daga inda rubutu ya ƙare.