Baba Shekari da Ƙofar Baya

Duk wanda ya taɓa zuwa biki a zauren Madam Scholastica da ke Romi ya ga Baba Shekari, ko da bai san sunansa ba. Shi ne siririn dattijon nan da ke zama kan farar kujerar roba a bakin ƙofar baya, farantin shinkafa a cinya, idonsa a kan wayoyin lantarkin masu kiɗa. Shekara tara yana kula da zauren, bai taɓa kallon biki daga gaba ba.

Asalinsa ma'aikacin masaƙa ne a Kakuri. Shekara ashirin da biyu ya yi cikin auduga, inda tartsatsi ɗaya ya isa ya lashe sashe guda, har aka sa shi cikin masu kashe gobara na kamfanin. Masaƙa ta rufe, injuna suka yi tsatsa, amma horon nan bai saki Baba ba. Ko coci ya shiga, sai ya ƙirga ƙofofi kafin ya rufe ido ya yi addu'a.

A zauren kuwa ya hana kowa sakat. Kullum yana goge jajayen tukwanen kashe wuta, yana duba ranar da wa'adinsu zai ƙare. Bokitan yashinsa na kashe wuta ma da labarinsu: matan layin sun gano yashin Baba ya fi na kowa laushi, sai su lallaɓo su ɗiba don suyar gyaɗa. Ya yi faɗa har ya gaji. Yanzu dai su kawo masa gyaɗar, ya ci yana mita, ya sake cika bokitin.

Babban rikicin shi ne ƙofar baya. 'Yan kwana-kwana da ke zuwa dubawa kafin su sabunta takardar zauren sun faɗa ƙarara: muddin da jama'a a ciki, ba a kulle ƙofar fita. Su kuma masu biki so suke a datse ta da kwaɗo, saboda 'yan gayyar soɗi ta nan suke sulalowa su cinye abinci. Madam ta raba gardama: ƙofa a buɗe, amma Baba ya zauna ya tsare ta. Sau ɗaya tak ya bar wa wani abokin ango gadin. Ya dawo ya tarar da kwaɗo a rataye, gogan naka yana tsakar fili yana tiƙar rawa, makulli a aljihu. Tun daga ranar bai ƙara yarda da kowa ba.

Abu ɗaya Madam ta ƙi masa, wato gwajin fitar da mutane. "Haba Baba! Ana tsakiyar bikin mutane in ce su tashi su yi waje? So kake ka kashe mini kasuwa?" Shi ya sa bai san minti nawa zai ɗauki cikakken zaure ya fice ta ƙofar nan ba, abin kuma yana ci masa rai.

Sai ga auren autarsa Becky, kuma a zauren za a yi liyafa. Ana saura kwana biyu matarsa Rhoda ta dire masa sabon kwaɗo a gaba.

"Baban Becky, awa uku kacal. Ka kulle, ka sa babbar rigarka ka zauna kusa da ni kamar uban kowa."

"Maman Becky, mutum ɗari uku, ga tukwanen gas a bayan dandamali, ga 'yata a ciki? Ai ranar ce ma ba zan kulle ba."

Becky da ke gefe ta ce, "Baba, ni dai rawa ɗaya nake so da kai. Ɗaya tak. Kada ka ba ni kunya gaban dangin mijina."

Baba ya ture kwaɗon gefe. Abincinsa ma ranar bai ci ba.

Asabar da rana aka dawo daga coci, zaure ya cika maƙil. Uban amarya ya sha babbar riga, ya kafa hula, ya je ya zauna a kujerarsa ta roba. Rhoda tana can kan babban tebur tana aiko masa harara, kujerarsa a gefenta ba kowa.

Mai gabatarwa ya ɗaga murya: "Uban amarya, a fito fili!" Baba ya miƙe. Ya dubi filin, ya waiwayi samari bakwai da suka yi cirko-cirko a waje suna jiran ya matsa, ya hango ƙanin Rhoda yana zagayowa da kwaɗon nan a hannu. Aka sake kira. Aka kira na uku. Ina wurin, wallahi tausayi ya ba ni, ƙafa ɗaya gaba, hannu ɗaya a kan ƙofa, idonsa ya ciko da ƙwalla.

Ai kuwa sai Becky ta tattare farar rigarta, ta ratso tsakanin tebura tana rangaji. Ango ya biyo ta. Masu ganga suka sauko suka bi ango. Becky ta kama hannun ubanta ta ja shi ta ƙofar zuwa farfajiya, zauren gaba ɗaya ya tashi ya rufa musu baya da guɗa, tsofaffi da yara, har da Fasto, har da Rhoda tana faɗa tana rawa. Samarin nan kuwa suka jira kowa ya fice, suka shige suka yi wa shinkafa kaca-kaca. Ba wanda ya kula.

Baba yana taka rawa hawaye na zuba, amma sai satar kallon agogonsa yake. Da tsohuwar ƙarshe ta fito tana dogara sanda, ya sunkuya wajen kunnen 'yarsa.

"Minti huɗu, Becky! Mutum ɗari uku, ba wanda ya faɗi!"

Ta fashe da dariya, ta rufe agogon da tafin hannunta.

"Na sani, Baba. Kowa ya fita lafiya. Yanzu ni za ka kalla."